Huɗa ko shuka ba huɗa: zaɓin mai noma wa barewa abinci a Amurka

A jihohin gabashi da tsakiyar Amurka akwai wani irin noma da ba a girbe amfaninsa, ba a kuma kai shi kasuwa. Mafarauta da masu filayen daji ne suke share ɗan fili a tsakiyar kurmi ko a gefen gona, daga rubu'in eka zuwa eka biyu ko uku, su shuka abin da barewa mai farar wutsiya take so, domin ta samu abinci mai gina jiki a lokacin da daji ya yi mata ƙaranci, domin kuma ta saba da zuwa wurin kafin farauta ta kankama a watannin Oktoba da Nuwamba. Al'adar ta bazu sosai bayan da Joe Hamilton ya kafa ƙungiyar mafarautan barewa mai suna QDMA a jihar Karolina ta Kudu a 1988, ƙungiyar da ta riƙa koya wa mafarauta cewa kula da abincin dabba da mazauninta yana cikin aikin mafarauci. Abin da ake shukawa ya danganta da lokaci. Idan zafi ya shigo ana shuka waken soya da wake da dawa, idan kuma sanyi ya gabato sai a koma ga alkama da danginta biyu, wato hatsin rai da hatsin ot, tare da kuloba, wata gajeriyar shuka dangin wake, da dangin kabeji irin su tanif da radish. Waken da ake shuka wa barewa a jihohin kudu shi ne dai waken da aka sani a Kano da Maraɗi, wanda asalinsa daga Afirka aka kai shi can.

Tambayar da ke gaban duk wanda ya samu irin wannan fili ita ce yadda zai sa iri a ƙasa. Hanyoyi uku ne ake bi. Ta farko ita ce a huɗe filin da tarakta, a yi haro har ƙasa ta yi laushi, a yafa iri, a danne. Ta biyu ita ce a bar ƙasa yadda take, a kashe abin da ke kanta ko a kwantar da shi, sannan a shuka da inji mai faifan ƙarfe wanda yake tsaga ƙasa siririyar tsaga, ya ajiye iri a ciki, ya rufe. Ta uku, wadda masu ƙaramin ƙarfi suka fi bi, ita ce a yafa iri a cikin tsohuwar shuka tana tsaye, sannan a yanke ta ko a kwantar da ita ta lulluɓe irin. Biyun ƙarshe duka shuka ce ba huɗa, amma bambancin da ke tsakaninsu a wajen kuɗi da tabbacin tsiro ba ƙarami ba ne, don haka bai kamata a haɗa su a ma'auni ɗaya ba.

Huɗa tana da amfanin da babu mai musunsa, kuma shi ya sa har yanzu take da magoya baya. Filin da aka huɗe yana ba iri damar haɗuwa da ƙasa kai tsaye, yana saurin ɗumi a watan Afrilu, yana kashe ciyawar da ta riga ta fito ba tare da feshi ba, yana kuma daidaita kwazazzabai da sawun manyan motocin ɗaukar katako, domin da yawa daga cikin waɗannan filaye tsofaffin wuraren tara gungumen itace ne da aka tattake har suka zama fako. Wanda ya huɗe fili a watan Satumba ya dace da ruwa, zai ga kore shar cikin kwana goma, kuma wannan ganin yana da tasiri a zuciyar mutumin da bai fi ƙarshen mako biyu ko uku yake da su ba don wannan aiki a duk shekara.

Illar tana zuwa ne a hankali. Duk lokacin da aka juya ƙasa, iska tana shiga cikinta, ƙananan halittun da ke ciki su cinye ruɓaɓɓen ganye da saiwa da sauri fiye da yadda ake mayar da su, sai ƙasar ta riƙa rasa baƙin nan da ke riƙe ruwa da taki. Dunƙulen ƙasa yana wargajewa, ramukan tana da na tsofaffin saiwoyi suna toshewa, idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai saman ya yi ɓawo mai tauri wanda ƙaramin iri kamar kuloba ba ya iya fasawa. Faifan haro da ke bi ta zurfi ɗaya shekara bayan shekara yana daddale ƙasar da ke ƙarƙashinsa, saiwa ta kasa wucewa. A filin da ke kan gangare kuwa, kuma irin waɗannan filaye da yawa a gangaren tsaunukan Apalaciya da Ozak suke, ruwan sama guda yana iya kwashe ƙasar saman da daji ya ɗauki shekaru masu yawa yana tarawa. Amurka ta ɗanɗana wannan a shekarun 1930, lokacin da guguwar ƙura ta kwashe gonakin Oklahoma da Kansas da arewacin Teksas bayan an huɗe makiyayar da fari ya biyo baya, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare ƙasa a 1935, wadda tun 1994 ake kira NRCS. Amma abin da ya fi shafar mai shukar barewa kai tsaye shi ne danshi. Shukar kaka tana faɗowa ne a Agusta da Satumba, watannin da a jihohi da dama ruwa yake yankewa, kuma huɗa a irin wannan lokaci tana fitar da ɗan danshin da ya rage a ƙasa ta miƙa wa rana. Mutum ya yafa iri, a yi ɗan yayyafi ya tsira, sannan a yi mako biyu babu ruwa, yabanya ta ƙone.

Shuka ba huɗa ta samo ƙarfinta ne daga gonakin kasuwanci. Manomi Harry Young na gundumar Kiristiyan a jihar Kentaki yana cikin waɗanda suka fara shuka masara ba huɗa a 1962, a fili da bai kai eka ɗaya ba, kuma fitowar maganin ciyawa na gilaifoset a 1974 ta sa hanyar ta yi sauƙi ga kowa. Ƙa'idojin da NRCS take koyarwa a yau huɗu ne, wato a rage taɓa ƙasa, a bar ta a lulluɓe, a bar saiwa mai rai a cikinta tsawon shekara gwargwadon hali, a kuma gauraya nau'o'in shuka. Gonar barewa ta dace da waɗannan ƙa'idoji fiye da gonar masara ma, saboda babu girbi, babu wanda zai kwashe kara ko harawa, kuma dabbar da take ci tana mayar da wani abu ƙasa ta hanyar kashinta. Lulluɓin busasshiyar shuka yana kare ƙasa daga zafin rana da dukan ruwa, yana hana irin ciyawa samun hasken da zai tayar da shi, yana kuma ruɓewa sannu a hankali ya zama abincin tana.

Injin shuka mai faifai shi ne ya fi ba da tabbaci, domin yana sa kowane iri a zurfin da ya dace da shi. Waken soya da wake suna son zurfin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuloba da tanif kuwa ba sa son wuce rubu'in inci, kuma inji mai kyau yana da akwati daban na ƙananan iri saboda wannan dalili. Masanin dabbobin daji Grant Woods, wanda yake aiki a ƙasa mai duwatsu ta yankin Ozak a jihar Misuri, ya yi suna wajen yayata wani tsari da yake kwatantawa da yadda garken ɓaunar Amurka yake tattake ciyawa ya wuce. Ana shuka hatsin rai da kuloba da sauransu a kaka, a bar su su yi tsayi, a watan Mayu a shuka wake ko gaurayen irin zafi a cikinsu suna tsaye, sannan a bi da wata ganga ta ƙarfe mai dasassun wuƙaƙe wadda take karya karan ta kwantar da shi ba tare da ta yanke shi ba. Cibiyar Rodale da ke jihar Pensilbaniya ce ta inganta irin wannan ganga domin manoman da ba sa feshi. Sharaɗinta guda ne mai tsauri, wato sai hatsin rai ya fitar da kai ya fara fure sannan karyawar take kashe shi. Wanda ya yi gaggawa ya karya shi yana ɗanye, zai dawo bayan mako guda ya tarar ya miƙe.

Matsalar injin ita ce tsada da nauyi. Sabo yana cin dubban daloli, yana buƙatar tarakta mai ƙarfi, kuma fili da yawa babu hanyar da zai bi ya isa gare su. Ofisoshin kare ƙasa da ruwa na gundumomi da dama suna bayar da shi haya bisa lissafin eka, wanda ya fi sayensa ma'ana ga mai eka biyar ko ƙasa da haka, sai dai a makonnin shuka kowa shi yake nema, kuma wanda bai yi rajista da wuri ba zai samu injin bayan ruwa ya wuce.

Yafa iri a cikin tsohuwar shuka ba ya buƙatar komai sai jakar yafi da abin feshi da injin yankan ciyawa ko babur mai ƙafa huɗu da zai ja wani abu mai nauyi. Arharsa ce ta sa ake yawan zuzuta shi, amma yana da iyaka da ya kamata a sani tun kafin a sayi iri. Ƙananan iri, wato kuloba da cikori, wani ganye mai doguwar saiwa, da dangin kabeji, suna zurarewa ta cikin ciyawa su isa ƙasa, kuma hatsin rai yana tsira ko da a saman ƙasa ne muddin akwai danshi, alkama ma tana yin ƙoƙari. Manyan iri kamar waken soya da hatsin ot ba su cika yin kyau ba, saboda suna zama a sarari, talotalon daji da kurciya da ɓeraye su tsince su, sauran kuma su tsira su bushe kafin saiwa ta kama. Dole ne a ƙara yawan iri a kan abin da za a sa da inji, dole ne kuma a ɗaure aikin da hasashen ruwa, a yafa kwana ɗaya ko biyu kafin ruwa mai ƙarfi. A jihohin arewa akwai wani sauƙi da sanyi yake bayarwa, domin idan aka yafa kuloba a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, daskarewar ƙasa da dare da narkewarta da rana suna jan irin ciki ba tare da an taɓa fili ba.

Wurin da huɗa ta fi shuka ba huɗa a fili ƙarara shi ne gyaran tsamin ƙasa, kuma a nan ne masu zumuɗin barin garma suke yawan tuntuɓe. Ƙasar daji a gabashin Amurka, musamman inda itatuwan fir da fain masu ganye kamar allura suka daɗe, sau da yawa tana da tsami, ma'auninta na pH yana kusa da 5, alhali kuloba da waken soya da dangin kabeji sun fi yin kyau tsakanin 6 da 7. Tazarar lamba ɗaya a wannan ma'auni tana nufin ninki goma na tsami, kuma a ƙasa mai tsami takin zamani da aka zuba yana ɗaurewa, shuka ba ta samun rabonta daga ciki, ƙwayoyin da ke zama a saiwar wake da kuloba suna samar da naitirojin su ma ba sa aiki yadda ya kamata. Maganin shi ne garin dutsen farar ƙasa, wanda ake buƙatar tan ɗaya ko biyu ko fiye a kowace eka gwargwadon sakamakon gwaji. Idan aka cakuɗa shi da ƙasa ta hanyar haro, yana gyara duk zurfin da saiwa take zama cikin watanni. Idan aka barbaɗa shi a sama aka bari, yana sauka a hankali ƙwarai, ya gyara inci ɗaya ko biyu na sama, ƙasan kuma ya ɗauki shekaru. Saboda haka gwajin ƙasa ne ya kamata ya fara yanke hukunci tun kafin a yi maganar inji. Ofisoshin malaman gona na jami'o'in jihohi, waɗanda dokar 1914 ta kafa tsarinsu, suna karɓar samfurin ƙasa a kuɗi kaɗan su faɗi yawan farar ƙasa da takin da ake buƙata, kuma kuɗin gwajin bai kai na buhun iri ɗaya ba.

A batun ciyawa kowace hanya tana da nata ciwon kai. Huɗa tana kashe ciyawar yau, amma tana tono irin da ya shekara da shekaru a binne ta kawo shi sama, tana kuma daddatsa saiwar ƙiri-ƙiri da aya-aya ta watsa su ko'ina, kowane guntu ya zama sabon tushe, kuma dukansu biyu suna addabar filayen jihohin kudu. Shuka ba huɗa tana barin irin ciyawa a binne, amma a shekarun farko ta dogara da feshi, musamman a tsohuwar makiyaya mai ciyawar feskiyu wadda kwantarwa ba ta kashe ta. Gilaifoset kuma ba ya da ƙarfin da yake da shi a da, tun da aka tabbatar da wata ciyawa da ta daina jin sa a jihar Delawaya a 2000, daga baya kuma wani ɗan'uwan alayyafo da ake kira Palmer ya gagari manoman auduga a Jojiya. Wanda ya ƙi feshi gaba ɗaya, ya kuma ƙi huɗa, ya san cewa lulluɓin hatsin rai mai kauri ne kaɗai makaminsa. Ya kamata kuma a rage tsananin ƙin ciyawa, domin yawancin masu faffaɗan ganye da suke fitowa a irin wannan fili barewa tana cinsu, wasu ma suna da gina jiki daidai da abin da aka shuka.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ya fi raba nasara da asara, shi ne yawan bakin da ke cin filin. Duk tsarin shuka ba huɗa ya ginu ne a kan samun tarin kara da ganye da za a kwantar. Idan filin rubu'in eka ne a tsakiyar daji mai barewa da yawa, waken soya ba zai wuce tsawon tafin hannu ba kafin a cinye shi, tanif ma haka, kuma idan lokacin shuka na gaba ya zo babu abin da za a lulluɓe iri da shi sai ƙasa tsirara mai tauri. Mutum zai ce hanyar ba ta aiki, alhali abin da ya rasa shi ne lulluɓi. A irin wannan fili hatsin rai ne ginshiƙi, saboda yana jure tsami da sanyi da ƙasa marar ƙarfi, barewa tana cinsa yana ƙarami a kaka da hunturu, idan ya fara yin kara a Afrilu sai ta bar shi, ya yi tsayi ya samar da abin kwantarwa. Dawa tana yin irin wannan aiki a lokacin zafi. Wanda ya cika filinsa da abin da barewa ta fi so kaɗai ya ciyar da dabba ya bar ƙasa da yunwa, don haka gauraya iri a nan larura ce, a sa wani don baki, a sa wani don ƙasa.

Lulluɓi shi ma yana da nasa sharri. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana jinkirin ɗumi, abin da ke jinkirta tsiro a jihohi masu sanyi kamar Mishigan da Wiskonsin. Dodon-koɗi marar ƙwanso yana samun mafaka a cikin danshinsa ya cinye tsiron tanif da waken soya da dare, ɓerayen daji ma haka. Busasshen karan hatsin rai yana da kabon mai yawa da naitirojin kaɗan, kusan 80 bisa 1, alhali ƙananan halittun ƙasa sun fi son kusan 24 bisa 1, saboda haka yayin da suke ruɓar da shi sukan ari naitirojin daga ƙasa, sai dangin kabeji su yi rawaya. Haɗa kuloba a cikin gaurayen yana rage wannan. Takin yuriya da aka watsa a sama ba a rufe ba kuma yana tsiyayewa cikin iska idan ruwa bai sauka a kansa da wuri ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce a ɗauki huɗa a matsayin gyara na lokaci ɗaya. Wanda ya buɗe sabon fili mai tsami sosai, ko mai kwari da tudu, ko wanda motoci suka daddale, ya zuba farar ƙasar da gwaji ya nuna, ya yi haro sau ɗaya ya cakuɗa ta, ya daidaita filin, ya shuka hatsin rai da kuloba nan take, daga nan kuma ya ajiye garma. Wanda filinsa yake kan gangare, ko jigawa ce mai yashi da ba ta riƙe ruwa, ko ƙasar sama ba ta fi 'yan inci ba a kan dutse, gara ya haƙura da huɗa tun farko, ya barbaɗa farar ƙasa a sama kashi-kashi, ya fara da hatsin da ke jure tsami, ya jinkirta kuloba da waken soya har ma'auni ya tashi. Mai eka da yawa da yake son waken soya ko wake a lokacin zafi, injin haya ne ya dace da shi. Mai ƙaramin fili a cikin kurmi wanda tarakta ba ta isa, yafi da kwantarwa sun wadatar da shi muddin ya tsaya a kan ƙananan iri da hatsin rai. Duk wanda ya bar huɗa kuma ya sa ran shekara ta farko da ta biyu ba za su yi kyan gani kamar filin maƙwabcinsa da aka huɗe ba, domin lulluɓi da ramukan tana ba a shekara guda suke samuwa ba, kuma ribar takan fara bayyana ne a shekarar da ruwan Satumba ya yi gardama.

Kowace hanya aka zaɓa, akwai abubuwa biyu masu arha da suke hana yanke hukunci bisa zato. Na farko shi ne a kafa ɗan keji na waya a tsakiyar filin, wanda barewa ba za ta iya sa baki a ciki ba. Idan shukar cikin keji ta yi tsayi ta waje kuma ta kwanta, ƙasa da hanyar shuka ba su da laifi, baki ne ya yi yawa, kuma maganin shi ne faɗaɗa fili ko sauya iri ko rage yawan barewa ta hanyar farautar matan barewa bisa dokar jihar. Idan ciki da waje duka sun tsumbure, sai a koma ga ƙasa. Na biyu shi ne maimaita gwajin ƙasa duk bayan shekara biyu ko uku, kuma a filin da ba a huɗa a ɗebi samfurin inci biyu zuwa uku na sama daban da na ƙasansa, saboda taki da farar ƙasa suna taruwa a sama, gaurayen samfuri kuwa yana ɓoye wannan. Dangin kabeji kada a maimaita su a fili ɗaya fiye da shekara biyu a jere, saboda cututtukan saiwa da ƙwarin da suke taruwa a ƙasa, sai a juya filin ga hatsi da kuloba kafin a dawo da su.